Wace manhaja ce ta fi fitar da sautin kiɗan kilasik? A taimaka min kafin in sake biyan kuɗin wata

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu kunne. Shekara biyu ke nan da na kamu da son kiɗan kilasik na Turawa, irin na su Beethoven da Bach. Asali don karatun dare na fara, ina neman abin da babu muryar mawaƙi a ciki, sai ga shi yanzu karatun ya ƙare kiɗan bai sake ni ba. Spotify nake biya. Wani abokina ya tasa ni gaba wai asara nake yi, in koma Apple Music, can ne ake samun cikakken sautin da ba a matse ba. Wani kuma ya ce Tidal. Abin da nake da shi wayar Android ce da hedifon na Bluetooth. In na koma, zan ji bambanci kuwa, ko kuɗin data kawai zan ƙara wa kaina?

Mai Shago a Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Koma kawai, kada ka tsaya jan ƙafa. Bambancin kamar na shayin da aka tsinka da ruwa ne da wanda ya ji madara. Ni a shago nake kunna wa kwastomomi, ko wanda bai san komai ba sai ya ce wannan ya fi.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
Ɗana Ɗan Fagge, kafin ka bi shawarar Mai Shago, bari in tambaye ka abu ɗaya: hedifon ɗin nan naka yana da ramin igiya, ko Bluetooth ne kaɗai?

Dalilin tambayar shi ne, duk cikar sautin da manhaja ta turo wa wayarka, in zai bi ta Bluetooth sai wayar ta sake matse shi kafin ya isa kunnenka. Hanyar ce ƙarama. Sautin faifan CD yana cin kbps 1,411, wato ma'aunin yawan datar da sauti ke ci a kowace daƙiƙa. SBC da AAC, hanyoyin matse sauti da yawancin hedifon ke aiki da su, ba sa kaiwa ko kusa da haka. Ko LDAC na kamfanin Sony, da ake yi wa kirari, iyakarsa 990. Kamfanin Apple da bakinsa ya faɗa cewa AirPods ba sa ɗaukar cikakken sauti ta Bluetooth. To ka ga ka sayi tankar ruwa, amma da mazurarin galan za ka juye.

Ɗan Fagge:
Baba Injiniya, yana da rami, amma igiyar tun ranar da na saye shi ban san inda na jefa ta ba. Wayar ma ba ta da ramin iyafis, sai wurin caji.

Mai Shago a Farm Centre:
Wannan ba matsala ba ce, akwai ɗan adafta na USB-C mai DAC a ciki, wato abin da ke mayar da data sauti, ka zo in ba ka. Amma Baba, da girmanka, ni ban yarda babu bambanci ba. Kunnena ba ya min ƙarya.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
Ban ce babu bambanci ba, Alhaji. A takarda akwai shi, kuma ga lissafin. Spotify ya daɗe yana bayar da matsattsen tsarin Ogg Vorbis har zuwa kbps 320 ga masu biya. Ya yi alkawarin cikakken sauti tun Fabrairun 2021, bai fara fitar da shi ba sai Satumban 2025, a tsarin FLAC, iyakarsa bit 24 da kHz 44.1 (ma'aunan zurfin naɗi da yawan auna sauti a daƙiƙa), kuma ƙasa-ƙasa ya riƙa buɗewa, don haka kowa ya duba saitin wayarsa ya gani. Apple Music ya buɗe nasa tun Yunin 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba, a tsarin ALAC, har zuwa bit 24 da kHz 192. Tidal ya yi shekaru da wani tsari mai suna MQA da aka yi ta cece-kuce a kansa, a 2024 ya ajiye shi ya koma FLAC. Deezer na bayar da daidai ingancin CD. YouTube Music kuwa matsattse ne, 256.

Abin da nake ja da kai a kai shi ne gwajin shago. Ka taɓa auna ƙarfin sautin biyun ka tabbatar daidai suke kafin ka kunna wa kwastoma? Mun sha ganin wannan a situdiyo. Ka ɗaga ɗaya da desibel ɗaya tak, mutum ba zai ce "wannan ya fi ƙara" ba, cewa zai yi "wannan ya fi daɗi, ya fi fitowa fes". Ga shi kuma kai ne ke gaya masa wanne ne mai tsada. Ga kasuwar waya, ga janareta ta ko'ina. A wannan hayaniya ko ni da na yi shekara talatin ina sanye da hedifon ba zan rantse ba.

Mai Shago a Farm Centre:
Wato dai ni ɗan talla ne ke nan. To na ji.

Uwargida a Jamus:
Haba Alhaji, ba haka Baba yake nufi ba. Amma ni ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ɗan Fagge kiɗan kilasik ya ce, kuma ciwon kan mai sauraron kilasik ba lambobin nan ba ne. Nema ne.

Ka ɗauki waƙar zamani: sunan mawaƙi, sunan waƙa, shi ke nan. Kilasik fa? Akwai wanda ya rubuta kiɗan, akwai ƙungiyar makaɗan, akwai jagoran da ke tsaye gabansu da sanda, akwai mai fiyano ko mai goge da aka gayyato, akwai shekarar da aka naɗa, sannan aikin kansa ya kasu babi uku ko huɗu. Simfoni ta 5 ta Beethoven kaɗai an naɗe ta sau ɗaruruwa. Ni wadda nake so ita ce ta Carlos Kleiber da makaɗan Vienna Philharmonic, naɗin 1974. Na taɓa shafe kusan rabin awa a wata manhaja, ba sai na kama suna ba, ina neman wani aiki, tana ta jero min "kiɗan kwantar da hankali" da "kiɗan barcin jarirai", kuma dogon sunan babin ya yanke a allon waya, ban ma san na nawa nake ji ba. Ranar na yi zuciya.

Shi ya sa aka yi manhajoji na musamman. Idagio a nan Berlin yake, tun 2015, kilasik zalla, a ingancin CD. Akwai kuma Primephonic, wanda Apple ya saye a 2021 ya rufe, sannan a Maris ɗin 2023 ya fito da Apple Music Classical a madadinsa. Manhaja ce daban amma kuɗin Apple Music ɗin da ka biya shi ne nata, kuma akwai ta a Android. A cikinta ka rubuta sunan aiki, ta jero maka duk naɗe-naɗensa, ka zaɓa da sunan jagora ko shekara. Wannan bambanci ne da ko kurma zai gani.

Ɗan Fagge:
Anti, wallahi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni sai da na yi wata shida ina jin babi na biyu na wani aiki ina zaton shi ne duka.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ni batun data ne nawa. Ku da kuke ta kiran bit 24, wa zai biya?

Tsohon Injiniyan Rediyo:
Madalla da mutumin Maraɗi, ka kawo mu ƙasa. Mu ɗauki simfoni ta 9 ta Beethoven, tana kai minti 70. A kbps 320, minti ɗaya MB 2.4 ne, gaba ɗaya wajen MB 170. A ingancin CD ba matsi ta haura MB 700, FLAC yakan rage kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. A saitin iPhone, Apple ya rubuta ƙiyasinsa: waƙar minti 3 tana cin MB 6 a matsattse, MB 36 a cikakke, MB 145 a mafi girman mataki. Ka lissafa 145 ɗin nan na kowane minti 3 har zuwa minti 70, ka haura giga 3. Zama ɗaya. Marubucin kiɗa Mahler kuwa yana da simfonin da ta wuce awa ɗaya da rabi.

Kuma abin haushin, wannan mataki na kHz 192 ba don kunnenka aka yi shi ba. Ƙa'idar ita ce naɗi yana iya kama sautin da kaifinsa ya kai rabin adadin. Rabin 44.1 shi ne 22, alhali kunnen yaro mai lafiya a 20 yake tsayawa, namu na tsofaffi kuwa ya daɗe da saukowa. Manyan lambobin suna da amfani a situdiyo lokacin gyara da haɗawa. A gida, jemage ne zai more su.

Ɗan Maraɗi:
Giga 3! Baba, ai gara in sayi buhun gero.

Ɗalibar Fiyano:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni sabuwa ce a nan, a Legas nake koyon fiyano, kuma nakan je cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan in ana wasa. Ina so in ɗan goyi bayan Alhaji Mai Shago a wuri ɗaya, in Baba ya yi min izini. Akwai kayan kiɗan da matsi ke cutarwa fiye da wasu. Hafsikod, wato kakan fiyano da ake tsinkar tsirkiyarsa, in aka matse shi da yawa sai ka ji bakin kowane sauti ya yi laushi, kamar an shafa masa ruwa. Haka tafin jama'a a ƙarshen wasa, yakan koma kamar ana soya wani abu. Sai kuma wutsiyar sauti, lokacin da makaɗa suka tsaya cak amma ɗakin yana ci gaba da amsawa na daƙiƙa biyu. A nan nake jin matsi.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
'Yata, izini naki ne, kuma gaskiya kika faɗa. Abin da kika ji a hafsikod yana da dalili: manhajar matsi tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, to in bugu mai kaifi ya faɗo a tsakiyar gunduwa, ƙurar matsin takan bazu har gabanin bugun. Amma ki gaya min, a wane mataki kika ji? A 96 ko 128, ko ni da tsohon kunnena zan kama. A 256 na AAC ko 320 na Vorbis fa?

Ɗalibar Fiyano:
Gaskiya Baba ban duba ba. Kuma ina kyautata zaton a kan datar waya nake lokacin.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
To kin gani. Yawancin manhajojin nan in ka bar su a "kai-tsaye", da sun ga sabis ya yi rauni sai su sauke inganci ba sallama. Mutum yana zaton 320 yake ji alhali an mayar da shi 96. Da yawa daga cikin masu cewa manhaja kaza ba ta da sauti, saitinsu ne ba su taɓa buɗewa ba.

Ga abin da za mu yi maimakon musu. Akwai gwajin da ake kira ABX. A kwamfuta ka sauke foobar2000, kyauta ne, ka ƙara masa ɗan kayan ABX. Ka ba shi fayil biyu na kiɗa ɗaya, cikakke da matsattse. Zai kunna maka A, ya kunna B, sannan ya ba ka X ba tare da ya faɗa maka wanne ne ba. Ka yi sau 16. In ka ci 12 ko fiye, mun sallama kunnenka ne ba sa'a ba. In 8 ko 9 ka ci, to da ka jefa kwabo ma haka za ka samu. Alhaji, ka karɓa?

Mai Shago a Farm Centre:
Na karɓa. In na ci 12 za ka kira ni Sarkin Kunne a gaban kowa.

Malamin Hausa:
Ni fa ina ta karatu ina dariya. Kuna ta Beethoven, mu namu kilasik ɗin fa? Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Abin da ke yawo nasu a intanet yawanci daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin kwafi, wani har da kukan zakara a baya. Ka zuba wannan a bit 24 ɗin me zai ƙaru?

Tsohon Injiniyan Rediyo:
Babu abin da zai ƙaru, Malam, sai dai ka ji shuuu ɗin kaset da kyau. Kuma ba ka fita daga zancen ba, tsakiyarsa ka shigo. Tushen naɗin shi ne kan gaba. Inda aka kafa makirufo, irin ɗakin, da hannun wanda ya gyara faifan daga baya. Shi ya sa wani lokaci mutum zai kwatanta manhaja biyu ya rantse ɗaya ta fi, alhali ba fayil ɗaya yake ji ba: wannan tana da gyaran shekarun 1980, waccan tana da sabon gyara na aiki guda. Kamfanoni irin su Deutsche Grammophon da Decca sun sha sake fitar da tsoffin naɗinsu. In fayil ɗaya ne kamfani ya raba musu, kuma duka cikakke suke turowa, to FLAC da ALAC ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra, kamar ka zuba hatsi ɗaya a buhu biyu ne.

Abin da ke min ciwo da namu shi ne manyan tef-tef na asali da gidajen rediyo suka naɗa. Na ga wasu da idona sun yi fumfuna a sito. Wannan zance ne na wata rana.

Uwargida a Jamus:
Misalin da ke tabbatar da maganar Baba: mai fiyano Glenn Gould ya naɗi kiɗan Goldberg na Bach sau biyu, 1955 da 1981. Na farkon ma ba sitiriyo ba ne, kuma a gurguje ya buga shi, bai kai minti 40 ba, na biyun ya haura 50. Har yau mutane na musu a kan wanne ya fi, ban taɓa jin wanda ya kawo zancen kbps a musun ba. Kuma a na 1981 kana jin shi yana gunguni da baki yana bin kiɗan. Ranar farko na ɗauka maƙwabcina ne.

Ɗan Fagge, in kana son na gida, nemi Fela Sowande, ba Fela Kuti ba. Yana da African Suite da ya rubuta wa kayan tsirkiya. Shi ma gwaji ne mai kyau na wace manhaja ce ta san inda ta ajiye kayanta.

Ɗan Fagge:
Na rubuta, Anti. Wata matsalar kuma: akwai kiɗan da farkonsa ba na jin komai sai na ƙure ƙara, can kuma ya fashe min a kunne. Laifin manhaja ne?

Ɗalibar Fiyano:
Yaya, ba laifi ba ne, haka aka rubuta shi. Gwada Boléro na Ravel. Da ƙaramar ganga yake farawa, kamar raɗa, ya yi ta hawa kusan minti 15 har ɗakin ya ɗauka. Waƙoƙin zamani an daddanne su ƙarfinsu ɗaya daga farko har ƙarshe don su fito a mota da kasuwa. Kilasik an bar masa tazararsa.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
A nan ne saiti yake da aiki. Spotify yana da daidaita ƙara, matakai uku. Na tsakiya yana kai komai -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na ƙasa -19, na sama -11, kuma a na saman akwai abin da ke danne kan sauti don kada ya fashe. Mai jin kilasik ya guji na sama. Ka zaɓi na ƙasa ko ka kashe shi. In kana jin faifai a jere, ɗaukacinsa ake daidaitawa tare, amma in ka sa a gauraya, kowane babi za a daidaita shi shi kaɗai, sai babin da aka so ya zo a hankali ya taso da ƙarfi. A Apple sunan abin Sound Check.

Na biyu, kashe abin da ke sa ƙarshen waƙa ya narke cikin farkon ta gaba, ka kunna wanda ke hana tazara. A simfoni ta 5 da Hajiya ta ambata, babi na uku ba ya tsayawa, yana lallaɓowa ne ƙasa-ƙasa da ganga har ya afka cikin na huɗu. In manhaja ta sa shiru na rabin daƙiƙa a wurin, ko talla ta faɗo, an kashe maka abin da ka yi minti ashirin kana jira.

Na uku kuwa ba ya cikin waya. Faifan CD yana da tazarar desibel 96 tsakanin raɗa da tsawa. Fanka na juyawa a kanka, janaretan maƙwabci na ruri, rabin tazarar nan ta tafi. Hedifon mai rufe kunne ruf, da ƙarfe goma sha ɗayan dare, sun fi maka kowace manhaja.

Ɗan Maraɗi:
Qobuz fa? Wani ɗan uwana a Faransa shi yake yabo.

Uwargida a Jamus:
Na Faransa ne, kuma masu kilasik na son sa don yana sayar da faifai ka mallaka, ga ɗan littafin bayanin da ke zuwa da CD. Sai dai ba kowace ƙasa yake aiki ba, ka fara dubawa ko zai karɓi rajistarka. Wani abin da ya sa ni nake biyan Idagio: da daƙiƙa yake lissafa wa makaɗa haƙƙinsu. A tsarin da aka saba, da an ji daƙiƙa 30 an ƙirga sau ɗaya, ko waƙar minti 3 ce ko babin minti 25 da mutum tamanin suka buga.

Mai Shago a Farm Centre:
Jama'a na dawo. Jiya bayan isha na zauna da kwamfutar yarona, da hedifon mai igiya, na yi gwajin Baba da kiɗan hafsikod ɗin da ƙanwata ta faɗa. A 128 na ci 15 cikin 16. A 320 na ci 9. Na sake, na ci 7. Amma ina da uzuri, an ɗauke wuta maƙwabci ya tada inji.

Malamin Hausa:
Sarautar Sarkin Kunne ta faɗi ke nan.

Mai Shago a Farm Centre:
Ba ta faɗi ba, an ɗage naɗi ne. Ranar Juma'a zan sake da asuba kafin gari ya tashi.

Tsohon Injiniyan Rediyo:
Allah ya kai mu. 15 ɗin nan ma ba wasa ba ce, Alhaji, kunnenka ƙalau yake. Ka gwada da tafin jama'a wannan karon, ya fi tona asirin matsi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buɗe saiti yanzu, ashe a "kai-tsaye" yake tun shekara biyu, kuma daidaita ƙarar yana kan na sama. Na gyara. Zan ɗauki gwajin kyauta na Apple Music in ga yadda neman yake, in riƙa saukewa da Wi-Fi ɗin ofis. Alhaji, adaftan nan nawa ne, kuma layi na nawa shagon yake?

Mai Shago a Farm Centre:
Biyo ni ta akwati. Ka taho da hedifon ɗin, in duba ko ina da igiyar da za ta shiga.